Baba Ya Koma Aji

  

Shirin yau na manya ne. Manyan da suka ajiye karatu shekara 10, shekara 20. Aure ya shigo, 'ya'ya suka zo, neman abinci ya sha gaba. Sannan wata rana suka ce za su koma aji. Za mu duba abin da ke jiransu a can, musamman wajen rubutu. Za mu duba abin da 'ya'yansu ke gani a gida. Za kuma mu leƙa wani wuri da mai sauraro ba zai yi zato ba, wato zauren koyon wasannin kare kai, irin su Judo da Takwando. Kada a yi mamaki. A dai biyo mu.

Sashe na farko: su wane ne ke komawa aji?

A watan Disamba na shekarar 2017, wani dattijo ɗan shekara 80 ya zauna gaban malaman jami'a yana kare kundin digirinsa na uku, wato digirin dakta. Suna tambaya yana amsawa, kamar kowane ɗalibi. Dattijon nan shi ne Cif Olusegun Obasanjo, tsohon shugaban Najeriya. Ilimin addinin Kirista ya karanta. Makarantar kuwa ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN.

Ita kanta jami'ar ta taɓa yin dogon barci. An kafa ta a 1983, zamanin Alhaji Shehu Shagari. A 1984 gwamnatin soja ta dakatar da ita. Sai a farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Bayan ya sauka daga mulki a 2007, sai ga shi cikin ɗalibanta.

Me ake nufi da buɗaɗɗiyar jami'a? Ana nufin karatu daga nesa. Ɗalibi yana gidansa, yana kan aikinsa. Littattafai suna zuwa masa ta intanet. Rajista da jarrabawa kuma sai ya je cibiyar karatu ta jiharsu. Akwai wasu hanyoyin ma. Akwai karatun ƙarshen mako a jami'o'i da kwalejoji. Akwai na dogon hutu don malaman makaranta. Akwai Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke wannan aiki tun 1976.

Can a Amurka, a jihar Kansas, wata tsohuwa mai suna Nola Ochs ta karɓi digirinta na farko a 2007. Shekarunta 95. Ita da jikarta suka kammala rana ɗaya.

To, amma waɗannan su ne masu shiga jarida. Wanda muke nufi a yau yana nan kusa da kai. Mu ɗauki misali da wani magidanci mai shekara 40 da 'yan kai. Ma'aikaci ne, da difloma ya tsaya. A ofis shi ke sa hannu a takarda. A gida in ya yi gyaran murya kowa ya nutsu. Ya samu gurbin karatu, ya shiga aji. Malamin sa'ar ƙanensa ne. Abokan karatun sa'o'in 'ya'yansa ne, Baba ma suke ce masa. Aka ba da jinga, wato aikin da ɗalibi ke yi a gida ya kawo. Ya kwana uku yana yi. Takarda ta dawo da maki 4 cikin 10, jan biro ko'ina. A gefen shafi malam ya rubuta tambaya ɗaya: ina hujja?

Baba ya ninke takarda huɗu, ya tura aljihun babbar riga, ya duba hagu da dama ko wani yaro ya gani.

Masu sauraro, a nan ake yin ta. Ƙwaƙwalwar mutumin nan lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne ke damunsa: lokaci da kunya. Lokaci ana iya yi masa dabara, za mu zo kansa. Kunya ita ce babba. Mutum ya shekara 20 ba wanda ya ce masa ya yi kuskure a gaban jama'a. Yau an ce masa, kuma da jan biro. Wani daga ranar zai fara fashin aji. Kafin zangon karatu ya ƙare, sai ka ji ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Mu riƙe wannan takarda mai maki 4. Mu shiga sashe na biyu, zauren wasan Judo.

Judo wasan kokawa ne na ƙasar Japan. Wanda ya ƙirƙiro shi sunansa Jigoro Kano. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birnin Dabo, mutumin Bajapane ne. An haife shi a 1860. Yaro ne mai ƙaramin jiki, manyan ɗalibai suna cin zalinsa a makaranta, shi ya sa ya nemi koyon tsohuwar kokawar ƙasarsu da ake kira Jujutsu. A 1882, yana ɗan shekara 21, ya buɗe makarantarsa a wani ɗaki na gidan bauta a birnin Tokyo. Faɗin ɗakin tabarma 12 ne kacal. Ya sa mata suna Kodokan. Tana nan har gobe.

Abin lura shi ne, Jigoro Kano malamin makaranta ne. Ya shafe fiye da shekara 20 yana shugabantar babbar kwalejin horar da malamai ta Tokyo. Da idon malami ya kalli kokawa. Ya ware dabarun da ke iya kisa ko nakasa, ya hana amfani da su a karawar yau da kullum. Dalilinsa a fili yake. Yana so ɗalibai su kara da iyakar ƙarfinsu, gobe kuma su dawo lafiya su ci gaba. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1964.

Yanzu ga tambaya. Wanda ya shiga ajin Judo yau, me za a fara koya masa? Mai sauraro zai ce kayarwa. A'a. Faɗuwa ake fara koya masa.

Da Japananci ana ce mata ukemi, wato iya faɗuwa ba tare da jin ciwo ba. Ga yadda take. Ɗalibi zai tsuguna a kan katifa. Zai manna haɓarsa a ƙirji, don kada ƙeya ta bugi ƙasa. Zai mirgina baya, bayansa a lanƙwashe. Daidai lokacin da bayan ya taɓa katifa, sai ya doke ta da tafin hannu da dantse gaba ɗaya, fam! Dukan nan shi ke raba nauyin faɗuwar. Babban abin da ake hana shi shi ne tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, domin ta nan wuyan hannu da gwiwar hannu ke karyewa. Zai faɗi baya. Zai faɗi dama, ya faɗi hagu. Zai wuntsila gaba. Ya tashi, ya sake. Makonni ana wannan. Ko ƙwararru ma da ita suke buɗe atisaye.

Me ya sa? Domin mai tsoron faɗuwa jikinsa sanƙarewa yake yi. Sanƙararren jiki ba ya koyon komai, kuma shi ya fi jin ciwo in ya faɗi. Wanda ya san zai faɗi ya tashi lafiya, shi ke da zuciyar gwada sabuwar dabara. A sake ji: faɗuwa ake fara koya, sannan kayarwa.

Akwai kuma batun ɗamara. Kowa da farar ɗamara yake farawa. Ko Alhaji ne, ko darakta ne, ko shekarunsa 50, fara za a ɗaura masa. In an jeru a layi, da ɗamara ake jeruwa, ba da furfura ba. Yaro ɗan shekara 12 da ya riga shi farawa yana gabansa. Malam na iya cewa yaron, je ka nuna wa Baba yadda ake riƙo. Yaro ya zo da ladabi ya gyara wa Baba hannu. Ba wanda ya yi dariya, domin kowa a zauren ta nan ya bi.

Sai maimaici. Akwai atisayen da ake kira uchikomi. Ka riƙe abokinka, ka juya ka shiga jikinsa kamar za ka ɗaga shi, ka fasa, ka koma, ka sake shiga. Sau 20, sau 50, ba kayarwa. Ana yi har ƙafa ta san wurin takawa ba sai an yi tunani ba. In kuma abokin karawa ya maƙure ka ko ya murɗe maka hannu, sai ka bubbuga jikinsa ko katifa sau biyu. Ma'ana ka sallama. Dole ya sake ka nan take. Ku miƙe, ku gyara riga, ku sake kamawa. Mutum zai iya sallamawa sau 10 a yini ɗaya, ya tafi gida da mutuncinsa.

Iyaye mata, kada ku ce wannan zancen maza ne. Wata ɗalibar Jigoro Kano mai suna Keiko Fukuda ta fara Judo a 1935. Ta yi kusan shekara 20 a mataki na 5 na baƙar ɗamara, saboda a lokacin ba a ɗaga mata sama da nan. Ba ta bari ba. Ta koma birnin San Francisco na Amurka tana koyarwa har ta haura shekara 90. A 2011 hukumar Judo ta Amurka ta ba ta mataki na 10, wanda shi ne ƙololuwa. Ta rasu a 2013 tana da shekara 99.

Wannan shi ne abin da magidancinmu zai gani in ya raka ɗansa zauren Judo ya zauna a benci. Zai ga wuri guda da aka mayar da kuskure aikin yau da kullum. Zai tuna da takardar da ke aljihunsa.

Masu sauraron da suka yi zamanin sinima sun san Bruce Lee, gwanin wasan kare kai. Abin da ba kowa ya sani ba, mutumin ma'abocin littafi ne. A 1970 ya ji mummunan ciwo a baya wajen ɗaga ƙarfe, ya yi watanni a kwance. Da ba halin atisaye, sai ya kama alƙalami. Bayan rasuwarsa a 1973, aka tattara rubuce-rubucen nan aka buga littafi a 1975. Shi ya kawo mu sashe na uku, wato rubutu.

A jami'a, rubutu shi ne ma'auni. Jinga rubutu ce. Jarrabawa rubutu ce. Kundin kammalawa rubutu ne. Kuma a nan babba ya fi shan wuya. Yana da abin faɗa, ya ma fi yaran ajinsu, domin ya ga rayuwa. Wanda ya yi shekara 15 a ofishin kuɗi ya san abin da littafi bai faɗa ba. Matsalar ita ce salo. Ya saba da wasiƙar ofis da jawabin taro. Sai ya cika shafin farko da share fage da godiya, bai shiga magana ba. Malamin jami'a kuwa abu biyu yake nema. Me ka ce? Mece ce hujjarka?

To, yaya ake koyo? Kamar yadda ake koyon faɗuwa. Rubutun farko sunansa daftari, wato gwaji. Ba a haife shi don ya yi kyau ba. A zauna a zubo shi yadda ya zo, kada a tsaya gyaran jimla. A ajiye shi ya kwana. Washegari a karanta shi da ƙarfi, kunne na ji. Duk inda numfashi ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, a raba ta biyu. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya da hujjarta. Sannan a miƙa wa wani ya duba, ko da yaron nan ne da ke ce maka Baba. In takarda ta dawo da jan biro, kada a ninke ta. A buɗe, a bi gyaran ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a gane ba, a je ofishin malam a tambaya. Malamin da ya ɓata lokacinsa ya cika takarda da ja ya fi wanda ya sa maki kawai ya wuce.

Manyan marubuta ma an duba musu aiki. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya. Wata 6 ya yi yana rubuta Magana Jari Ce. A tsawon lokacin yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Dakta Rupert East na hukumar talifi, wanda shi ne editansa. Littafin da muke alfahari da shi ya bi ta hannun mai gyara.

Sai batun lokaci, wanda muka yi alkawari. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa game da mantuwa. Ya gano cewa abin da mutum ya haddace ya fi saurin zubewa a sa'o'in farko da ranar farko. Ya kuma gano cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Almajirin da ke tilawa kullum da asuba ya san wannan tun kafin a auna. Ma'anarsa ga mai iyali ita ce, rabin sa'a kullum ya fi kwana zaune daren jarrabawa da goro da shayi. Rabin sa'a kullum. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ko bayan isha'i. Amma kullum.

Ga wadda ta yi haka cikin hali mai tsanani. Buchi Emecheta, 'yar ƙabilar Ibo ce da aka haifa a Legas a 1944. An yi mata aure tana shekara 16. A 1962 ta bi mijinta Landan. Ta rubuta littafinta na farko ta ba shi ya karanta, ya ƙone shi. Tana shekara 22 auren ya mutu, ta fita da 'ya'ya 5. Ta yi aiki a ɗakin karatu na babban gidan tarihin Birtaniya. Ta shiga Jami'ar Landan ta karanci ilimin zamantakewa, ta samu digiri a farkon shekarun 1970. Rubutu kuwa da sassafe take yi, kafin gida ya tashi. Littafinta na farko da aka buga ya fito a 1972. Wanda aka ƙone ɗin nan ta zauna ta sake rubuta shi daga farko, ya fito a 1976 da sunan The Bride Price, wato kuɗin aure. Kafin rasuwarta a 2017 ta buga littattafai fiye da 20.

A nan gida akwai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga firamare aka yi mata aure tana yarinya. Daga baya ta koma ta ajin ilimin manya a Kano. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya, da Alhaki Kuykuyo Ne, da Wa Zai Auri Jahila. Kuma ba ta zauna ita kaɗai a ɗaki ba. Tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. A 2012 aka buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, fassarar Aliyu Kamal.

Kafin mu bar rubutu, ga gargaɗi. Akwai gajeriyar hanya da ke jan manya, saboda suna da kuɗi ba su da lokaci. A je shagon kwamfuta a biya wani ya rubuta kundi. Ko a kwafo daga intanet. Ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, a sa suna a miƙa. A jami'a sunan wannan satar fasaha, kuma tana iya jawo kora. Ko ba a kama mutum ba, ya cuci kansa. Baƙar ɗamara ana sayar da ita a shagon kayan wasanni, kowa zai iya saya ya ɗaura. Ranar da aka ce ya hau katifa, ranar za a san ta kasuwa ce. Ranar kare kundi ma haka take.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, shirin faɗakarwa ne, muna magana kan manya masu komawa karatu. Mun shiga sashe na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi: me yara ke gani?

A 1961, a Jami'ar Stanford ta Amurka, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura ya yi wani gwaji. Ya sa ƙananan yara suka kalli wani babba yana dukan wani mutum-mutumin roba mai iska. Yana naushinsa, yana harbinsa da ƙafa, yana kwaɗa masa guduma. Wasu yaran kuma ba su ga haka ba. Daga baya aka bar kowane yaro a ɗaki da mutum-mutumin. Waɗanda suka ga duka suka kama dukansa, har da maimaita kalaman da babban ya yi. Ba wanda ya ce su yi. Gani kawai suka yi.

Duk uwa ta san wannan ba sai an je Amurka ba. Yaro da ido yake koyo fiye da kunne. Uba zai iya shekara yana cewa ku yi karatu, alhali yaro bai taɓa ganinsa da littafi ba, sai waya.

Mu koma gidan magidancinmu. Uwargida za ta ba da wanki, ta zazzage aljihu, takarda ta faɗo. 'Yarsa ta aji 5 ta ɗauka ta buɗe. Ta zaro ido. Ta ce, Baba, kai ma ana ba ka huɗu?

Hanya biyu ce a gabansa. Zai iya daka mata tsawa ya fizge takardar. In ya yi haka, ta koyi cewa ƙaramin maki abin ɓoyewa ne. Ranar da ta faɗi lissafi, ƙarƙashin katifa za ta tura sakamakon. Ko kuma ya ce, e, huɗu aka ba ni, zo ki ga inda na yi kuskure, ranar Litinin zan mayar da gyara. Ya shimfiɗa tabarma, ya kunna fitila mai caji. Shi da jingarsa, ita da aikin gidanta. Mako biyu bayan nan ya nuna mata sabuwar takarda mai maki 7. Yarinyar nan ta ga faɗuwa, ta ga tashi, a jikin mutumin da ta fi ganin girmansa a duniya. Babu nasihar baki da za ta yi wannan aiki.

Amma kada mu yi wa juna daɗin baki. Karatun babba yana da farashi, kuma iyali ke biya. Kuɗin rajista daga kuɗin cefane yake fita. Asabar ɗin da ake zuwa gaishe da dangi ta tafi aji. Yaro ya zo da labari, a ce masa ana karatu. Don haka a yi shawara da iyali tun kafin a sayi fom. A gaya wa yara lokacin karatu da lokacin da ya ƙare. In ya ƙare, a rufe littafi da gaske, a saurare su. Kada a huce haushin malami a kan yaro.

Maigida, in uwargida ce ta koma aji, izini kaɗai bai isa ba. Ita ba a rage mata girki, ba a rage mata goyo. Makon jarrabawa ka kwashe yaran ku fita. Ka sayo abinci a waje in da hali. Hajiya surukarta ma, a taimaka da riƙon jariri na 'yan sa'o'i. Digirin nan in ya zo, gidan gaba ɗaya zai ci moriyarsa.

To, a kai yara wasan kare kai? Ba zai sa su zama mafaɗata ba? Tambaya ce mai kyau, kuma tsoron iyaye yana da tushe. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar ya so Takwando tun yana ƙarami. Takwando wasan Koriya ne da aka fi amfani da ƙafa. Mahaifinsa ya hana shi, bayan wani ɗan'uwansu ya rasu sakamakon rauni. Sai da ya koma ƙasar Togo wajen dangi ya ci gaba. A 2016 ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a gasar Olamfik ta Riyo. Rabon ƙasar da lambar Olamfik tun 1972, lokacin da Issaka Dabore ya samo tagulla a damben zamani. Shekara 44 ke nan. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya. Najeriya ma, Chika Chukwumerije ya samo mata tagulla a Takwando a birnin Beijin a 2008.

Duk da haka, mahaifin Alfaga bai yi laifi da ya ji tsoro ba. Amsar tana wajen mai horarwa. Gwajin Bandura ya shafe shi shi ma, domin yaro zai kwaikwayi kocinsa. Saboda haka uba ya je da kansa ya zauna ya kalli darasi ɗaya ko biyu kafin ya biya ko sisi. Ya duba, ana fara koyar da faɗuwa da kare kai? Ana haɗa yaro da daidai girmansa? Akwai katifa, akwai hular kare kai wajen karawa? Koci yana dukan yara ko zaginsu? Yana hukunta wanda ya je ya gwada dabara a kan yaran unguwa? In an ce iyaye ba sa shiga kallo, a ɗauki yaro a tafi. 'Ya'ya mata a nema musu mace mai horarwa da suturar da ta dace. Akwai kuma gaisuwar sunkuyo da ake yi a waɗannan wasanni, wadda wasu iyaye Musulmi ba sa sakin jiki da ita. A yi maganarta da koci tun ranar farko, a kuma tambayi malamai.

Namu na gida fa? Kokawa a kan yashi ta dace da yara, kuma a Nijar gasar kokawa ta ƙasa ta cin takobi tana gudana tun 1975. Dambe kuwa, da hannu naɗe da kara, ana neman kisa, wato kai abokin karawa ƙasa, cikin turmi 3, wasan manya ne. Naushi ne a ka ba kariya. Ba na yaro ɗan firamare ba ne.

Shi ma Baba in ya ga zai ɗaura farar ɗamara, bismilla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Sai dai wanda ya haura 40, ko mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon gwiwa, ya fara ganin likita. Kuma ya gaya wa koci gaskiyar lafiyarsa.

Lokaci ya ja, masu sauraro. Ga kiranmu. Wanda takardunsa ke ƙasan akwati, ya fito da su cikin makon nan ya duba. Digiri a Najeriya yana bukatar kiredit 5, har da Turanci da Lissafi. Wanda bai cika ba, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu. Wanda ya cika, ya taka da ƙafarsa zuwa cibiyar karatu ko jami'a mafi kusa, ya tambayi sharuɗɗa da kuɗi daga bakin ma'aikata, ba daga bakin dillali ba. Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin, domin jami'o'in bogi suna nan.